Ina Ake Zubar da Tokar?

Wata mace ta tashi da sassafe, ta share tsakar gidanta tas, ta kwashe tokar murhu ta haɗa da sharar. Da ta gama sai ta ɗaga kwandon ta juye ta bayan katanga, cikin gidan maƙwabciyarta. Can da hantsi baƙo ya yi sallama, ya ga gida fes, ya yaba mata. To, mai karatu, ga tambaya. Matar nan mai tsabta ce? In baƙon ka tambaya, zai ce i. In kuwa ka zaga bayan katanga ka tambayi maƙwabciyar, za ka ji wata magana dabam.

Abin da ya tuna mini da wannan misali wata hira ce da muka yi a Hajara, ɗaya daga cikin unguwannin Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, inda neman abinci ya zaunar da ni shekaru da dama. A ƙarshen shekarar 2025 ne. Wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, muna zaune a ƙofar gida muna shan shayi, janareton maƙwabta yana ta ƙugi. Sai wani saurayi mutumin Tawa, mai aikin gini, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba, kun ji labari? Mutanen Sin sun kafa tukunyar nukiliya a tsakiyar hamada irin tamu. Ba ta shan ruwa, ba ta hayaƙi, wai wani ƙarfe take ci, toriyom. Sun ce wuta ce mai tsabta. Da za a kawo mana irinta nan, ai mun huta." Na ce masa, "Madalla, ɗana. To, ina suke zubar da tokar?" Ya yi dariya, ya ce mu tsofaffi ba mu rasa abin ƙorafi. Ni kuwa ba ƙorafi nake yi ba. Tun daga daren nan tambayar ba ta bar ni ba.

Bari mu fara ba toriyom hakkinsa, gama ba daidai ba ne a yanke wa abu hukunci tun ba a san shi ba. Ƙarfe ne mai nauyi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano shi a 1828 cikin wani baƙin dutse da aka aiko masa daga Norwe, ya raɗa masa sunan Tor, gunkin tsawa na mutanen can. Watakila ma ka taɓa riƙe shi a hannunka ba ka sani ba. Ka tuna farar ragar nan ta fitilar gas, wadda in ta kama sai ta haska gida kamar rana, in kuwa ka taɓa ta sai ta zama gari? A dā da toriyom ake yin ta. A cikin ƙasa ya fi yuraniyom yawa wajen ninki uku. Amma ɗanyen itace ne, ba ya kama wuta da kansa. Sai an ɗebo garwashi daga wani murhu, wato yuraniyom ko fulutoniyom, an sa kusa da shi. A cikin tukunyar nukiliya akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da suke ta shawagi, ana ce da su nutiron. In ƙwayar toriyom ta haɗiyi ɗaya, sai ta shiga rikiɗa, bayan 'yan makonni ta zama wani irin yuraniyom da ake kira yuraniyom 233. Shi ne mai cin wuta, zafinsa kuwa shi ake juyawa ya zama lantarki.

Masu yabon toriyom suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Tukunyar da ke cin yuraniyom irin na yau da kullum tana haifar da fulutoniyom, wanda sai ya yi shekara 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Toriyom ba ya haifar da shi sai kaɗan. Har wa yau, irin tukunyar da ake so a haɗa shi da ita dabam take. Ana narkar da abincin nata cikin wani gishiri mai zafin gaske, wajen digiri 650, yana gudana kamar ruwa. Tun da yake ba ruwa ba ne da aka danne da ƙarfi, babu tururin da zai tsage bango. A gindin tukunyar kuma akwai toshiya ta daskararren gishiri. In zafi ya wuce kima toshiyar takan narke, gishirin ya zurare cikin tanki, wutar ta mutu da kanta. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Carnobil a 1986, ko a Fukushima a 2011, ya san darajar wannan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Oak Ridge ta Amurka, a ƙarƙashin shugabancin Alvin Weinberg, an kunna ƙaramar tukunya ta narkakken gishiri daga 1965 zuwa 1969, har ta ci yuraniyom 233. Sa'an nan gwamnati ta juya ga wata hanya, aikin ya tsaya. A Shippingport, can Amurka, an gwada toriyom daga 1977 zuwa 1982, aka iske tukunyar ta haifi abinci fiye da wanda ta ci, ko da yake da kaɗan ne. Jamus ta gina babbar tasha a Hamm, ta rufe ta a 1989 saboda matsaloli da tsada. Indiya, wadda take da toriyom jingim a yashin bakin tekun Kerala, ta ɗora begenta a kansa tun zamanin Homi Bhabha a shekarun 1950. Tana da 'yar ƙaramar tukunya a Kalpakkam, KAMINI, mai cin yuraniyom 233 tun 1996, amma tafiyar ta yi mata nisa fiye da yadda ta zata. Wadda saurayin nan ya nuna mini tana lardin Gansu na ƙasar Sin, kusa da Wuwei, a bakin hamadar Gobi. Ta kama a watan Oktoba na 2023, aka zuba mata toriyom a 2024, a watan Nuwamba na 2025 kuma masananta suka sanar cewa sun tabbatar toriyom ɗin ya rikiɗa ya zama yuraniyom a cikinta. Babban mataki ne. Amma kada mu ruɗe. Ƙarfinta megawat 2 ne na zafi, tukunyar gwaji ce. A yau babu garin da yake kwana da hasken toriyom.

Ni dai ban ƙi ci gaban nan ba. Kalmar "tsabta" ce take ba ni tsoro, dalilina kuwa yana nan kusa da inda muke shan shayi.

A bayan garin Sabha akwai wasu rumbunan soja. A cikinsu an jera ganguna kimanin 6,400, cike da wani gari mai launin garin ɗorawa. Garin yuraniyom ne, wanda aka tace daga dutse amma ba a kai ga sarrafa shi ba. Gwamnatin Gaddafi ce ta saye shi daga Nijar tsakanin 1978 da 1981, tan 2,263 bisa ga lissafin Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya. Wato shi ma baƙo ne kamarmu, daga kudu ya ƙetaro hamada. A watan Disamba na 2003 Libiya ta ce ta bar neman makaman ƙare dangi. Aka kwashe injuna aka fita da su, amma gangunan suka zauna. Sa'ad da mulkin ya faɗi a 2011, 'yan jarida suka shiga wurin suka iske su ba mai gadi. A watan Maris na 2023 shugaban hukumar, Rafael Grossi, ya sanar cewa masu bincikensa sun je wani wurin ajiya a Libiya sun tarar ganga 10, wajen tan biyu da rabi, ba sa inda aka bar su. Ba a jima ba sojojin gabashin ƙasar suka ce sun tsince su yashe a fili, kilomita 5 daga rumbun. Suka ce ga alama waɗanda suka ɗauka sun zaci makamai ne, da suka ga gari sai suka zubar.

Kada in ƙara gishiri. Garin nan ba bam ba ne, ba kuwa tokar tukunya ba ce, ba ma toriyom ba ne. Tiririnsa ba shi da ƙarfi sosai. Haɗarinsa shi ne a shaƙe shi, ko ya shiga abinci da ruwa, ko ya faɗa hannun mugu. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi dabam ne. Wanda ya sayi kayan ya mutu. Gwamnatin da ta sa hannu a takardar ta rushe. Shugaban da ya sayar, Seyni Kountché, ya rasu tun 1987. Ajiyar kuwa tana nan, ko gezau ba ta yi ba, gama yuraniyom irin wannan sai ya yi shekara biliyan huɗu da rabi kafin rabinsa ya tafi. Mutanen Hajara da Gurda da Mahdiya ba wanda ya shawarce su sa'ad da aka kawo ta. Yaran da suke wasan ƙwallo a lungunmu ba a ko haifi iyayensu ba a lokacin. Duk da haka su ne maƙwabtan da aka juye wa kwandon.

In muka bi sawun gangunan nan zuwa inda suka fito, sai mu isa Arlit, arewa da Agadas. Tun 1971 kamfanin SOMAIR yake haƙo yuraniyom a can. Na biyun, COMINAK, ya yi ta haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akuta daga 1978 har aka rufe shi a ƙarshen watan Maris na 2021. Mutanenmu na Tawa da Maraɗi da Damagaram da yawa sun ci abinci a ramukan nan, kada mu manta da haka. Faransa kuwa, wadda wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake fitowa, tana alfahari cewa wutarta ba ta ɓata sararin sama. Gaskiya ce. Amma lantarkin da ya juya injunan Arlit daga gawayin ƙasa ya fito, wanda SONICHAR take ƙonawa kusa da Cirozerin. COMINAK kaɗai ya bar tudun dusar dutse mai tiriri wajen tan miliyan 20 a bakin garin Akokan. A 2009 masu binciken Greenpeace sun auna wasu titunan garin, suka iske tiririn ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa, domin da duwatsun rami aka yi ciko. An yi alkawarin rufe tudun da yumɓu da duwatsu. Sai ga juyin mulkin 2023, zumunci da Faransa ya ɓaci, a 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR. Ko wa yake da gaskiya a wannan rigima, ajiya ta sāke hannu ke nan. A Nijar ɗin kuma, cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya yake da lantarki a gidansa. Baƙon da ya sauka Paris ya ga tsakar gida fes.

Wani zai ce, ai wannan duk labarin yuraniyom ne, me ya haɗa shi da toriyom? To, ga abin da ya haɗa su. Ni a Bukuru aka haife ni, kusa da Jos, mahaifina lebura ne a ramin kuza. Bayan an wanke ƙasa an ware kuza da kwalambait, sauran yashin, mai nauyi, mai ƙyalli, sai a tara shi tsibi tsibi a bayan ma'aikata. A kansa muka yi wasan ƙasa. Muna hawa muna gangarowa, mu koma gida jikinmu fururu. Magina sukan zo da amalanke su ɗiba, domin yana da laushi, yana kama bango da kyau. Sai da na girma na san cewa a cikin yashin nan akwai wani ma'adini da ake kira monazait, shi ne kuwa uwar toriyom a duniya, yakan ɗauke shi kashi 6 cikin ɗari ko fiye. Masanan jami'o'inmu sun auna tudun yashin nan a wajen Bukuru da Bisichi, sun sami tiriri fiye da na sauran ƙasa nesa ba kusa ba. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985 manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Suka bar mana kududdufai masu cin yara, da tsibin yashi. Ba wanda ya kafa ko allo ya rubuta, "Kada a ɗiba." Zuwana gida na ƙarshe na ga mata suna tankaɗe yashin nan da hannu, ba abin rufe hanci, gama yanzu 'yan kasuwa suna sayensa a fitar waje saboda wasu ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Bukit Merah ta Maleshiya, ita ma ƙasar kuza, wata ma'aikata ta yi ta tace monazait daga 1982, ta tara dusar toriyom kusa da gidajen mutane. Mazauna wurin suka kai ƙara suna kukan ciwon dajin jini a cikin 'ya'yansu. An daɗe ana shari'a, aka rufe ma'aikatar a 1994, aikin binne dusar kuwa ya ci kuɗi masu yawa da shekaru masu yawa. Saboda haka in an ce mini toriyom mai tsabta ne, nakan ce, a wane gefen katanga kake tsaye?

Yanzu mu zo ga tokar kanta, wato abin da ya rage bayan tukunya ta cinye abincinta. Masu toriyom suna cewa, in an bi hanyarsu sosai, yawancin dafin tokar zai huce cikin shekara kamar 300, maimakon dubban shekaru. Bari mu karɓi maganarsu yadda take. Lalle 300 ta fi 24,000 sauƙi. Amma mai karatu, zauna ka ƙirga shekara 300 da baya. Ba a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba tukuna, sai a 1754. Babu Sakkwato, babu Kaduna, babu Nijeriya, babu Nijar. A nan Fazzan sarakunan Aulad Muhammad ne suke mulki daga Murzuk, inda ayarin Kano yake yada zango. Bayansu aka yi mutanen Karamanli na Tarabulus, aka yi Turkawa, aka yi Italiyawa, Faransawa suka riƙe yankin daga 1943 zuwa 1951, Sarki Idris ya zo ya tafi a 1969, Gaddafi ya yi shekara 42, yau kuma ƙasar tana da masu iko biyu. Da a ce wani sarkin Murzuk ya binne abu mai dafi a wancan zamani, ya ce a riƙa gadinsa dare da rana, a riƙa biyan mai gadi, a riƙa gyara rufin, a hannun wa amanar za ta kasance yau? A wane harshe ma za a karanta takardar?

Za ka ce, ai akwai abubuwan da muka riƙe fiye da haka. Gaskiya ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan ana rini. Hasumiyar masallacin Agadas, ta ƙasa ce, amma tana tsaye tun ƙarni na 16, domin ana sāke yaɓe ta. Na daɗe ina tunani a kan wannan, ga kuma abin da na gani. Marina tana ciyar da marini. Hasumiya kuwa mutane suna ƙaunarta, ita ce fuskar garinsu. Ɗan Adam yakan riƙe abu tsara bayan tsara in abin yana ba shi tuwo, ko kuwa yana da wuri a zuciyarsa. Toka ba ta da ko ɗaya. Ba ta ciyar da mai gadinta, ba wanda yake alfahari da ita. Wanda ya sha hasken ya riga ya mutu, wanda aka bar wa gadin bai ga hasken ba. Muna roƙon jikokin jikokinmu su yi mana aikin da ba lada, ba mu kuwa tambaye su ba, ba ma yadda za mu tambaye su. A al'adarmu, in za ka ba mutum ajiya sai ka kira shi, ka kira shaidu, ya ce ya karɓa. In ya ce ba zai iya ba, ka ɗauki kayanka. Wannan ajiya ce da mai karɓarta ba shi da bakin ƙi.

Weinberg kansa, uban tukunyar gishiri, ya ga wannan sarai. A wata maƙala da ya rubuta a 1972 ya kwatanta aikinsu da cinikin nan na tatsuniyar Turawa, inda wani masani ya yi yarjejeniya da Shaiɗan. Ya ce su masu nukiliya suna miƙa wa jama'a makamashin da kusan ba ya ƙarewa, farashinsa kuwa shi ne tsaro marar gyangyaɗi, da hukumomi masu tsawon rai irin waɗanda mutane ba su saba da su ba. Abin mamaki, a kan tukunyarsa maganar ta fara cika. Da aka kashe ta a 1969 sai aka bar gishirin ya daskare cikin tankuna. A 1994 aka gano cewa yuraniyom ɗin ya zama iska a hankali, ya bi bututu ya taru a inda ba a nufa ba, fiye da kilo 2. Sai da aka yi shekaru ana aiki kafin a kwashe shi, gishirin kuwa yana nan cikin tankunansa. A Amurka ke nan, ƙasa mai kuɗi da masana, wadda ba a yi mata juyin mulki ba. Shekara 25 kacal. Akwai kuma wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba. Yuraniyom 233 yana iya zama makami, Amurka ta gwada shi cikin wani bam a 1955. Abin da ke sa shi wuyar sata shi ne yakan zo tare da wani ɗan'uwansa mai mugun tiriri, wannan kuwa shi ne yake sa aikin tace shi ya yi wa ma'aikata haɗari.

To, ashe sai mu ce a bar toriyom a cikin ƙasa? A nan ne saurayin nan na Tawa yake da gaskiya a kaina, dole kuwa in faɗa. Duhu ma yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, yawancin masu shaƙarsa kuwa mata ne da yaran da ke goye a bayansu. A Afirka kudu da Sahara mutum kusan miliyan 600 ba su da lantarki. Nijeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, takan raba megawat dubu huɗu zuwa biyar ne kawai. Wa bai ji labarin iyalin da suka kwana da janareto a cikin gida, gari ya waye ba wanda ya tashi ba? A nan Sabha, in zafin bazara ya haura digiri 40 wuta ta ɗauke, famfon rijiya ma tsayawa yake yi. Tokar man fetur da gawayi kuwa ba a ko tara ta a ganga, sama ake watsa ta, ta faɗa a kan manomin da damina ta rikice masa. Wanda yake zaune cikin sanyin na'ura yana hana matalauci wuta da sunan tsoron toka, shi ma wani kwandon yake juyewa. Ko hasken rana, da Allah ya hore mana a Fazzan fiye da kusan ko'ina, yana da tasa tokar, gama batir yakan mutu, dalmar cikinsa kuwa mun ga abin da irinta ta yi wa yaran Zamfara a 2010.

Babu murhun da ba ya toka. Abin da nake ƙi shi ne a sa wa wuta suna mai tsabta domin kada a yi tambaya. Kalmar tana rufe baki. In an ce abu mai tsabta ne, wanda ya tambayi inda ake zubar da saura sai a ga kamar maƙiyin ci gaba ne. Na fi son a ce toriyom wuta ce mai ƙarancin toka, in gwaji ya tabbatar da haka, sa'an nan a zauna a yi lissafin tokar a fili. A haɗa da yashin da aka tankaɗe a Bisichi, da huhun matar da ta tankaɗe shi. A sa kuɗin gadin shekara 300 cikin kuɗin wutar tun daga ranar farko, wanda ya sha haske shi ya biya, kada a bar wa marayu bashi. Mutanen Finland sun kama wannan hanya. Sun haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse a Onkalo domin tokar tashoshinsu, a cikin ƙasarsu, da yardar garin da ke wurin, da kuɗin da aka yi ta tarawa daga masu sayar da wutar. Ko dabarar za ta riƙe har yadda suke fata, jikoki ne za su sani. Amma dai ba su juye ta bayan katanga ba.

Muna da namu ƙaramin misali a gida. A Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai 'yar tukunyar nukiliya ta bincike mai kilowat 30, wadda ƙasar Sin ta ƙera, tana aiki tun 2004. Abincinta na farko yuraniyom ne da aka tace sosai, irin wanda ake tsoron kada ya faɗa mugun hannu, wajen kilo ɗaya. A 2018 aka sauya mata abinci marar wannan haɗari, aka ɗauki tsohon a watan Disamba aka mayar wa ƙasar Sin. Masananmu ne suka riƙe shi shekara 14, ba abin da ya ɓata. Saboda haka kada wani ya ce baƙar fata ba ya iya riƙon amana. Abin da ya bambanta Zariya da Sabha shi ne, kayan Zariya an san mai su, an san mai gadinsu, an kuma san ƙofar da za su koma. Kilo ɗaya ne, na sani, ba tan dubu biyu ba.

Bayan 'yan kwanaki saurayin ya dawo, ya ce, "Baba, na sāke dubawa. Sun ce nan da 2035 za su gina babba, mai megawat 100." Na ce Allah ya sa mu gani. Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin rumbunan sojan nan na bayan gari. Ya ce ya sha wucewa ta wajen a motar yashi, ya zaci siminti ne. Na gaya masa daga Arlit aka kawo shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kawunsa ya yi shekara 19 a ramin Akuta, yanzu yana gida yana fama da tari.